Kocin Kokawa da 'Yar Shugaban Varland

Ranar da Emmett Sandvik ya fara ganin Maren, tana can saman tsani a ɗakin ajiyar tsofaffin takardu da ke ƙasan laburaren Kwalejin Varland a jihar Iowa ta Amurka, rungume da wani kwali da ya fi ƙarfinta.

"Bawan Allah, in ba kallo ka zo yi ba, tare mini wannan," ta ce ba tare da ta dube shi ba.

Ya miƙa hannu ya karɓe kwalin kamar ba komai a ciki. Emmett shi ne kocin kokawa na kwalejin, shekararsa ashirin da bakwai, ɗan manoman masara daga arewacin gari. A nan ya yi karatu, a nan ya yi kokawa, da tsohon kocinsa ya rasu kuma aka ba shi aikin.

Ta sauko tana kakkaɓe hannu. Idonta ya tsaya a kunnensa na hagu, wanda ya kumbura ya murɗe kamar na duk wanda ya daɗe a kokawa.

"Me ya sami kunnenka?"

"Shekara goma sha biyar ana murza shi da ƙasa. Ke me ya sami gashinki? Gizo-gizo ya yi gida a ciki."

Ta kai hannu da sauri, ta ji ba komai, ta harare shi. Shi kuwa ya yi ta dariya har sai da ita ma ta saki fuska.

Ya ce hoton 'yan kokawar da suka ci kofi a 1968 yake nema, zai maƙala a bangon zaure. Ta ce babu wani kofi a 1968, a 1967 aka ci, kuma sama da shekara hamsin ke nan kuskuren yana rubuce a bangonsu ba wanda ya lura. An ɗauke ta aiki ne ta rubuta tarihin kwalejin don bikin cika shekara ɗari da hamsin, saboda haka kada ya yi mata gardama.

Da zai fita ya ga sunan da ke jikin ƙofa: Maren Dykstra.

"Dykstra irin na shugaban kwaleji?"

"Mahaifina ne. Ka fasa karɓar hoton?"

"Ban fasa ba. Gobe ma zan dawo neman wani."

Ya kuwa dawo. Kafin watan Satumba ya ƙare ya karɓi hotuna goma sha ɗaya, bangon zaurensa bai da wurin rabinsu. Mu mutanen Varland ba a yi mana ɓoyo, garin bai kai girman haka ba. Kowa ya gan su a gidan abincin Lorna da safe, shi da baƙin kofi da ƙwai biyu, ita da kek ɗin tuffa tana ba shi labarin shugabannin kwalejin da suka mutu tun kafin a haifi kakansa. Ya laƙa mata suna Tsohuwa, wai don ba ta da ƙawaye sai matattu. Ita kuma ta ce masa Mai Kunne.

Wata rana tana cikin aiki saƙonsa ya shigo:

"Tsohuwata, yau na tsaya a gaban yara ashirin da biyu zan nuna musu kamu, na manta abin da zan ce. Sun ce in je asibiti. Na ce musu maganin yana ƙasan laburare."

Ta rubuta masa:

"Mai Kunne, ka daina ɓata mini suna a wurin yara. Ka ci abincin rana kuwa? Ƙarfe huɗu zan fito, in ka ga dama ka biyo ta nan. In ba ka ga dama ba ma ka biyo."

Mutum biyu ne abin bai yi wa daɗi ba. Na farko mahaifinta, Dokta Alden Dykstra, wanda tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai Maren da kwalejin. Na biyu Preston Ahlgren, mataimaki a ofishin shugaban, ɗan shugaban kwamitin amintattu, wato mutanen da ke da ta cewa a kan komai na Varland. Duk Lahadi Preston yakan zo cin abincin rana a gidan shugaba da furanni a hannu, Dokta Dykstra kuma ya riga ya gama tsara musu rayuwa a ransa.

A wata Lahadi ta ƙarshen Nuwamba Maren ta shiga ɗakin karatun mahaifinta don ta kira shi cin abinci. Ba ya ciki. Wata takarda ce a buɗe a kan tebur, idonta ya faɗa kan kalmar kokawa. Ta karanta sau biyu. Za a rufe sashen kokawa a ƙarshen Maris, a rushe tsohon zauren, a yi sabon gini a wurin. Za a sanar a watan Janairu.

Tana riƙe da takardar ya shigo.

"Baba, mene ne wannan?"

"Abin da bai kamata ki gani ba." Ya rufe ƙofa, ya zauna kamar wanda ya yi tafiyar ƙasa. "Maren, da na zo nan ɗalibanmu dubu da ɗari huɗu ne. Yau ba su kai ɗari tara ba. Na rufe sashen Jamusanci, na sallami mutanen da suka zo jana'izar mahaifiyarki. Kwamiti ya ce sai an yi sabon ginin nan yara za su zo. Ba zan zama shugaban da Varland ta mutu a hannunsa ba."

"To Emmett fa? Yaransa fa?"

"In maganar nan ta fita yanzu, yaran za su watse a tsakiyar shekara, iyaye su taso mana, abin ya shafi kowa. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa masa ba."

"Baba, kada ka sa ni wannan."

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Don darajar mahaifiyarki, Maren."

Ta yi alkawarin. Ta fito ta zauna a tebur, Preston yana ta zuba surutu, ita kuwa ko loma ɗaya ba ta ci ba.

Mako bakwai ta yi da maganar a cikinta. Ta rame, ta daina cin kek ɗin Lorna. A hutun Kirsimeti Emmett ya ɗauki fenti ya shafe bangon zauren da hannunsa, ya gyara 1968 ya koma 1967, ya kira ta ta zo ta gani. Ta tsaya tana kallon bangon da za a rushe, hawaye ya zubo mata, ya ɗauka na murna ne. Ya riƙa shiga motarsa yana bin ƙananan garuruwa cikin ƙanƙara, yana zama a falon mutane yana yi musu alkawarin zai riƙe 'ya'yansu shekara huɗu in suka zo kokawa a Varland.

"Tsohuwata, na samo yara biyu yau, iyayensu sun amince. Uwar ɗaya ta ce ta ba ni amanarsa. Shekara mai zuwa sai mun girgiza jihar nan. Ki tanadi wuri a littafinki."

Sau uku ta rubuta masa gaskiya a waya, sau uku tana gogewa. Abin da ta iya aikawa shi ne:

"Allah ya taimake ka, Mai Kunne. Ina son ka. Duk abin da ya faru ka riƙe wannan."

A mako na biyu na Janairu aka tara kowa a babban ɗakin taro. Dokta Dykstra ya karanta sanarwar daga takarda bai ɗaga kai ba. Sai Emmett ya miƙe daga cikin yaransa.

"Ranka ya daɗe, shekara tara kana shugabanci, ka taɓa taka ƙafarka cikin zauren nan ko sau ɗaya? Ka san sunan yaro ɗaya a cikin waɗannan? Ka bar ni ina yawo gida-gida ina yi wa iyaye ƙarya da bakina. Da ka kira ni ka faɗa mini ido da ido, da na ce kai namiji ne. Amma kai matsoraci ne."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Emmett ya fice, yaransa suka bi shi. A bakin ƙofa Preston ya sha gabansa, yana gyara ɗamarar wuyansa.

"Koci, ban gane abin da ya ba ka mamaki ba. Ai Maren ta sani tun Nuwamba, ina gidan ranar. Na ɗauka tsakaninku ba ɓoye-ɓoye."

Emmett ya wuce shi. Kai tsaye ya sauka ƙasan laburare. Maren tana zaune ta haɗa kai da tebur, tana jin takunsa ta miƙe.

"Kin sani?"

"Emmett, ka zauna in yi maka bayani."

"E ko a'a?"

"E."

"Ina fenti kina tsaye kina kallona. Na ce miki mace ta ba ni amanar ɗanta, kika ce Allah ya taimake ni." Ya matso gaban teburin. "Da Preston kuke zama kuna yi mini dariya ranar Lahadi?"

"Wallahi ba haka ba ne! Baba ne ya ɗaure ni da alkawari, da sunan mahaifiyata ya roƙe ni. Kullum sai na ji kamar in mutu."

"To kin zaɓa ai. Ki riƙe abin da kika zaɓa."

Ta riƙo hannun rigarsa, ya zare a hankali ya hau matakala.

Daga ranar bai ƙara ɗaga wayarta ba. Ta aika saƙo ya fi talatin.

"Emmett, ban ce ban yi laifi ba. Na yi. Ka zo ka zage ni, ka yi mini ihu, komai ma, amma kada ka yi mini shiru."

"Yau kwana shida. Na je gidan Lorna na zauna a teburinmu har kofi ya huce. Don Allah ko kalma ɗaya."

Ba amsa. A gida kuma mahaifinta ya kafe. Ya ce yaron da ya kira shi matsoraci a gaban ɗalibai ɗari tara ba zai taka masa gida ba, kuma in tana da hankali ta dubi Preston, wanda ya san darajar mutane. Ta ce masa ko maza sun ƙare a Iowa ba za ta auri Preston ba. Rabon da su yi wa juna magana mai zafi haka tun tana 'yar sakandare.

Wata Asabar da hantsi ta tuƙa mota zuwa gonar su Emmett. Mahaifiyarsa, Darlene, ta buɗe ƙofa amma ba ta matsa ba. Ƙanƙara na sauka a kan Maren.

"Mama, don Allah minti biyar kawai zan gan shi."

"Ba ya nan. Ko yana nan ma ba zan kira shi ba." Darlene ta naɗe hannu a ƙirji. "Yarinya, tun yana shekara goma sha biyu nake kai shi kokawa. Na ga an karya masa hanci, na ga an goce masa kafaɗa, bai taɓa ƙin cin abincina ba sai in za a auna nauyinsa. Yanzu kwana goma ina ɗauke kwano yadda na ajiye. Ku manyan kwaleji na kan tudu kun gama da shi, ki koma gidanku."

Ta rufe ƙofar. Maren ta daɗe a cikin mota kafin ta tayar da ita.

A bakin Lorna ta ji sauran labarin. Wata kwaleji a can jihar Oregon mai nisa ta yi wa Emmett tayin aiki, sun ba shi zuwa ƙarshen Fabrairu ya ba da amsa. Saura mako huɗu.

Ranar Litinin ta koma ɗakin takardunta ba don aiki ba, don ba ta da wurin zuwa. Ta jawo kwalin shekarun 1930, wanda ta taɓa dubawa sama-sama. A ciki akwai littafin da shugaban kwalejin na wancan lokaci yake rubuta abin da ya faru kullum. A hunturun 1932, lokacin da aka yanke shawarar rufe Varland don babu abin da za a ciyar da ɗalibai, iyayen 'yan kokawa ne suka shigo gari da kekunan doki cike da masara da dankali, suna kore da shanu a baya. Hunturu biyu suna ciyar da ɗalibai da malamai. Shugaban ya rubuta da hannunsa cewa muddin Varland na tsaye, ba za ta manta da mutanen nan ba.

Maren ta karanta shafin, ta tashi ta buɗe akwatin da ke da adireshin tsofaffin ɗalibai. Ta san ba ta da izini. Ta fitar da sunan duk wanda ya taɓa yi wa Varland kokawa kuma yake raye, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta ɗauki hoton shafin, ta fara rubuta wasiƙa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, don ta san tsofaffin nan ba sa karanta abin da na'ura ta buga. Kwana tara tana yi. Yatsunta suka kumbura har sai ta tsoma su a ruwan sanyi kafin ta ci gaba.

Preston ne ya ga tulin wasiƙun a ɗakin aika saƙo. Washegari aka kira ta ofishin shugaba. Mahaifinta bai ce ta zauna ba.

"Kin san abin da kika yi ya isa a kore ki?"

"Na sani, Baba."

"A nan ni ba babanki ba ne. An dakatar da ke daga yau. Ki ajiye makullin."

Ta ajiye makullin a kan tebur. "Na riƙe maka alkawarinka har na rasa shi. Yanzu ba ka da sauran alkawari a wuyana. Ka karanta shafin da na aika musu, yana cikin kwali na sha huɗu."

Da yamma ta kwashe kayanta daga gidan shugaba ta koma wani ɗan ɗaki a saman gidan abincin Lorna.

Mako biyu suka wuce, ko amsa ɗaya ba ta zo ba. Kullum sai ta sauko ta tambayi Lorna ko mai kawo wasiƙa ya zo, Lorna ta girgiza kai ta tura mata abinci. Ba aiki, ba gida, ba uba, ba Emmett. Ta kira innarta da ke birnin Minneapolis ta ce tana zuwa ranar Asabar. Ranar ce kuma za a yi karawar ƙarshe a zauren Varland, da ƙarfe biyu na rana. Da safe ta aika masa saƙo na ƙarshe:

"Mai Kunne, zan bar gari yau, ba zan ƙara damunka ba. Ka karɓi aikin Oregon, sun yi sa'a. Ban taɓa yi maka dariya ba ko sau ɗaya. Ka ci abincin Mama."

Ta kashe wayar ta jefa a jaka.

Jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya motoci suka fara shigowa gari, manyan motocin gona masu laka a taya, wasu da lambar jihohi masu nisa. Tsofaffi ne ke fitowa daga ciki, wasu da sanda, wasu a keken marasa lafiya, da 'ya'yansu da jikoki, kusan kowanne da murɗaɗɗen kunne. Ba su amsa wasiƙa ba, zuwa suka yi da kansu. Zauren da bai taɓa cika rabi ba a 'yan shekarun nan ya cika har mutane na tsaye a waje cikin sanyi.

Emmett ya fito da yaransa ya tsaya turus. Wani tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, Orval Tiedeman, ya dogaro sanda ya zo gabansa.

"Kai ne kocin? Ina yarinyar?"

"Wace yarinya, Baba?"

"Wadda ta taso mu. Kai, kada ka ce mini ba ka sani ba." Ya zaro wasiƙa daga aljihu ya danƙa masa.

Emmett ya gane rubutun tun kafin ya karanta. "Sunana Maren Dykstra, 'yar shugaban da ya sa hannu a rufe zaurenku. Na san da maganar mako bakwai na yi shiru, na cuci mutumin da ya fi kowa son wurin nan. Ba na neman ku yafe mini. Ku zo ranar Asabar ta karawar ƙarshe ku tsaya masa, shi da yaransa. Kakanninku sun taɓa zuwa, ga shaida."

"Saboda wannan ubanta ya dakatar da ita," in ji Orval. "Duk gari ya sani sai kai?"

Emmett ya lalubo wayarsa, ya buɗe saƙon da ya ƙi dubawa tun safe. Ya kira, waya a kashe. Alƙalin wasa ya hura usur, saura minti biyar. Ya dubi ƙofa, ya dubi yara ashirin da biyu da suka zuba masa ido. Sannan ya rubuta:

"Tsohuwata, kada ki tafi. Na karanta. Ni ne wawa. Ki ba ni awa biyu, don Allah, awa biyu kawai."

Ya zauna a kujerar koci. Waɗanda suka ga karawar nan har yau suna maganarta. Yaran sun yi kokawa kamar ransu ne a kai, tsofaffi na buga sanda a ƙasa har katako na amsawa. Da maki biyu aka ci Varland a kamun ƙarshe, amma ba wanda ya zauna, aka yi ta tafi. Can baya kusa da ƙofa, Dokta Dykstra na tsaye shi kaɗai da hularsa a hannu. Ba wanda ya ga shigowarsa.

Emmett bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya ruga gidan Lorna ba ko rigar sanyi.

"Ta tafi tun ƙarfe ɗaya," in ji Lorna. Ganin yadda fuskarsa ta yi ta ƙara da cewa, "Amma na ga ta tsaya ta sayi furanni. Mai zuwa Minneapolis ba ya sayen furanni a nan."

Ya gane. Ya juya mota zuwa maƙabartar da ke bayan cocin kwaleji. Motarta na bakin hanya cike da kaya. Tana durƙushe a gaban kabarin mahaifiyarta, ƙanƙara ta rufe mata kafaɗa, ta kasa tashi ta tafi.

"Maren."

Ta juyo, idanunta sun kumbura. "An gama? Mutum nawa suka zo? Ko goma sun kai?"

"Ba ki sani ba?" Ya durƙusa a gabanta cikin ƙanƙarar. "Zauren ya cika, har waje. Duk sun zo, Maren. Nemanki suke yi."

Ta rufe baki da hannu, kuka ya ƙwace mata. Ya kamo hannun ya ga yatsun da suka kumbura, ya riƙe su a cikin nasa.

"Na bar ki ke kaɗai fiye da wata guda. Na saurari Preston ban saurare ki ba. Ki yafe mini."

"Ni ce na fara ɓoye maka."

"Kin ɓoye, ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma ko Oregon ko Varland ko gonar masara, ba inda zan iya zama ba ke. Na gwada, ko abinci na kasa ci." Ya share mata hawaye da babban yatsa. "Ba ni da zobe, ba ni da tabbacin aiki, ko riga ban sa ba. Za ki aure ni?"

"Za ka mutu da sanyi kafin in amsa, Mai Kunne."

"To ki yi sauri."

"Zan aure ka."

Ranar Litinin kwamitin amintattu ya zauna. Orval da tsofaffi shida suka shiga suka ce ba roƙo suka zo yi ba: kowace shekara za su kawo wa Varland sababbin ɗalibai talatin daga garuruwansu, 'yan kokawa da waɗanda ba 'yan kokawa ba. Mahaifin Preston ya ce maganar tsofaffi ce, an riga an gama. Sai Dokta Dykstra ya miƙe, ya buɗe littafin 1932 ya karanta musu shafin. Ya ce shi ya kawo shawarar rufewa, kuma shi yake janye ta, in kuwa sun ƙi, su nemi wani shugaban ya sa hannu. Da ƙuri'a ɗaya aka bar kokawa, na shekara uku, a ga abin da tsofaffin za su iya. A zaman nan kuma aka sanar da shi cewa wa'adinsa in ya ƙare a watan Yuni ba za a sabunta ba.

Bayan haka Emmett ya sami Dokta Dykstra a ofis yana haɗa littattafai a kwali.

"Ranka ya daɗe, na zo in janye kalmar da na faɗa. A gaban mutane na faɗe ta, a gaban mutane zan janye."

"Bar ta. Ranar da ka faɗa akwai gaskiya a ciki." Dokta Dykstra ya ci gaba da jera littattafai. "Kuma kada ka ɗauka don kai na yi."

"Na sani. Akwai magana ta biyu."

"Ita ma na sani. Maganar aure ce, Maren ta zo jiya, mun yi kukanmu mun gama." Sai a lokacin ya ɗago ya dube shi. "Ita kaɗai gare ni, Emmett. In ta yi maka laifi ka yi mata faɗa, amma kada ka ƙara yi mata shiru."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

Darlene kuwa da kanta ta tuƙo mota har gidan Lorna, ta hau matakala da tukunyar miya a hannu. Ta ce ita ba ta iya dogon ban haƙuri ba, amma ƙofar da ta rufe ranar nan ta daɗe tana damunta. Ta zare zoben da surukarta ta ba ta shekara talatin da suka wuce ta sa wa Maren, ta ce saura ta ƙara ƙiba kafin biki.

A Asabar ta biyu ta watan Yuni aka ɗaura auren a cocin kwaleji. Dokta Dykstra ya riƙo hannun 'yarsa har gaban fasto, yara ashirin da biyu sun jeru hagu da dama cikin kwat da ta matse musu wuya. Daga nan aka wuce gonar su Emmett, inda masara ta fara kai gwiwa, aka gasa nama, aka yi rawa a babbar rumfar gonar har Orval ya ajiye sandarsa.

Da aka nemi uban amarya ya yi magana, ya miƙe ya dubi jama'a. Sannan ya ce ya shugabanci Varland shekara tara, amma 'yarsa ce ta koya masa tarihinta. Ya ɗora hannu ɗaya a kan Maren, ɗaya a kafaɗar Emmett.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuriya mai albarka. Abin da ya same ku a bana, Allah ya sa shi ne mafi wuya da za ku gani."

Muka amsa da amin gaba ɗayanmu, Darlene ta fi kowa ɗaga murya.